Abin da Gwaggo Ta Kulle a Shogilas

Akuya shida na sayar kafin kwamfutata ta haɗu, kuma da akwai ta bakwai da ita ma ta bi su. Na faɗi wannan tun daga farko ne don kada wani ya yi ta karatu yana jiran inda zan yi nadama.

Tun da na gama sakandare nake aikin buga takardu a wani shago kusa da tasha a Daura. Tsakanin azahar da la'asar kasuwa kan mutu, to a wannan tsakanin ne na fara taɓa wasan tuƙin tirela a tsohuwar kwamfutar shagon. Ni da ban taɓa wuce Kano ba, sai ga ni ina jan kaya a kan duwatsu, ina ba da sigina, ina jiran danja. Kwamfutar shagon kuwa ba ta iya ɗaukar wasan. Motar kan tsaya cak a tsakiyar kwana, ta yi dogon tunani, sannan ta farka a cikin rami. Na sayi laftof ta hannu wurin wani da ya rantse mini har da dafa ƙirji cewa babu wasan da zai gagare ta, ta yi wata biyu tana gasa mini cinya tana shaƙewa, na rabu da ita. A ƙarshe wani mai gyara a Kano ya gaya mini gaskiya. Ya ce in dai wasa nake so, in haɗa ta tebur da kaina, guntu-guntu, kuma zuciyar abin shi ne katin hoto, wanda su suke kira girafik.

A gidanmu ana ba yarinya 'yar akuya tun tana ƙarama, ta yi ta haihuwa, in aure ya zo a sayar a sayi kwanukan jere. Nawa suna Sandamu a hannun Gwaggo, yayar babanmu, ita ke ba su dussa da harawa tun ban san kaina ba. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “uwata”. Da aka sa ranar aurena, na riƙa tura yayana yana ɗauko akuya ɗaya-ɗaya yana kaiwa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Gwaggo tana ba shi da murna, a zatonta kuloli da tangaran nake tarawa. Ban yi mata ƙarya ba, ban dai gaya mata ba, kuma na san bambancin bai taka kara ya karya ba.

Kayan suka riƙa isowa ta hannun direban motar Kano, kowanne a naɗe cikin kwali da salatif. Akwatin kwamfutar da na samu gefensa gilashi ne, fankokinsa suna da fitilu masu canza launi. Ni ba fitilun nake so ba, shi ne dai ake da shi. Na haɗa ta a tsakar ɗakin Inna, mahaifiyata, ina kallon yadda ake yi a waya, ina ajiye ƙananan kusoshi a murfin kwano don kada su ɓace. Ranar da katin hoton ya zo na sa shi, na kunna wasan, aka fara ruwan sama a hanyar da nake bi. Na ga ɗigon ruwa ɗaya-ɗaya yana gangarowa a gilashin motar, abin goge gilashi yana share shi, motar ba ta tsaya tunani ko sau ɗaya ba. Na yi farin cikin da ban yi irinsa ba ko ranar da aka kawo lefena.

Saura mako biyu biki Gwaggo ta zo ganin kwanuka, aka nuna mata akwati. Ta daɗe tana kallonsa.

“Uwata, akuyoyin da na yi wa wahala shekara da shekaru, su ne wannan?”

Na ce mata su ne, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ta ce ai ƙarashen maganar shi ne maƙwabcin mai akuya ya sayi kura, to ga kurar nan ta cinye akuyoyin. Har Inna sai da ta yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta gaya mini ta riga ta ba kafinta aikin shogilas, kabad ɗin nan mai ƙofofin gilashi da ake jera kwanukan amarya a ciki, da kuɗin man gyaɗa da ƙulinta, shi ne gudummawarta. Yanzu me za ta zuba a ciki, dangin miji su zo su ga allo fayau?

“Kayan ɗaki na mace ne,” in ji ta. “Ko mijinki ba shi da ta cewa a kansu. Shi ya sa ake so ki shiga da abin da ido zai gani.”

Na riƙe wannan maganar, ko da yake ba don abin da ta faɗe ta ba.

Amarya ba ta zuwa jeren ɗakinta. Ranar da mata suka kwashi kaya suka tafi gidan da zan zauna, ni ina ɗaki hannuwa da ƙafafu cikin lalle. Na roƙi Inna ta gaya musu a ɗora kwamfutar a kan tebur kusa da taga, kada kowa ya kunna. Inna ta isar da saƙo. Amma jere na Gwaggo ne, kuma a wurin jere babu mai ɗaga mata murya.

Washegarin da aka kai ni, aka zaunar da ni a falo a kan katifa, mayafi har ƙirji, don masu zuwa ganin ɗaki. Ta cikin saƙar mayafin na hango ta. Gwaggo ta sa an cire allon tsakiya na shogilas, ta zaunar da kwamfutata a wurin, kuloli biyu a dama, biyu a hagu. Ta shimfiɗa mata farin kyalle mai saƙa a kai, daidai kan ramukan da iska ke fita, yadda ake yi wa babban kwano. Mai haɗa wuta ya huda bayan kabad ɗin ya fitar da waya. Gwaggo ta kunna ta, ta rufe ƙofofin gilashi, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Fitilun suna juyawa daga ja zuwa shuɗi zuwa kore, hasken yana faɗawa kan kulolin, har huɗun nan suka yi kama da abin kirki.

Gaskiya ta yi kyau, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Duk matar da ta shigo can take fara zuwa, ta tambayi inda aka samo wannan fitila, Gwaggo ta gyara zama ta ce daga Kano aka yo odarta. Kurar da ta cinye akuyoyi ita ce yau ta fitar da ita kunya.

Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Gidan kuma da sola, balle in sa ran a ɗauke wuta a cece ni. Tun kafin azahar na fara jin fankokin suna kuka ta cikin gilashi, kukan da ni kaɗai a ɗakin na san ma'anarsa. Can sai ta kashe kanta, don haka aka yi ta, in zafi ya yi mata yawa ta mutu ta huta. Na ce alhamdulillahi a zuci. Sai aka yi sallama, wasu baƙi suka shigo, Gwaggo ta kwance makulli, ta buɗe, ta danna, ta mayar ta kulle. Har kaskon turaren wuta take sakawa a ciki na ɗan lokaci, wai don kayan su kama ƙamshi.

Sau ɗaya na yi magana. Ta zo gyara mini mayafi, na raɗa mata cewa abin nan iska yake so, ta buɗe ƙofar ta ɗauke kyallen. Ta dubi 'yan'uwan surukata da ke zaune a jere, ta matse mini hannu.

“Amarya ba ta magana. Rufe fuskarki.”

Na rufe. Ni da na iya musu da 'yan kasuwar Kano a waya har su gaji, ni da na ce wa Gwaggo kowa da kiwonsa a gaban Inna, na ja mayafi na yi shiru don kada a ce amaryar ba ta da kunya. Da yamma baƙi suka watse na lallaɓa na zare wayar daga bango. Gari na wayewa Gwaggo ta mayar, don a gidan ta kwana. Ango kuwa yana can wurin abokansa, kamar yadda angwaye ke yi, bai san wainar da ake toyawa ba.

A rana ta biyu, gab da la'asar, wani ƙauri ya tashi. Mata suka fara cewa an cuci Gwaggo a turare, an haɗa mata da roba. Fitilun suka ɗauke. Gwaggo ta buɗe ta danna sau uku, shiru, ta ce ta gaji ne, a bar ta ta huta. Ni na san ba gajiya ba ce. Na fashe da kuka a ƙarƙashin mayafi, kuka na gaske har da shessheƙa, tsofaffin suka yi ta lallashina suna cewa kewar gida ce, kowace mace da haka ta fara.

Bayan biki na aika da ita Kano. Mai gyara ya ce ɗan akwatin da ke ba ta wuta ya ƙone, kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya ja katin hoton. Daga nan kowa ya zama malami. Inna ta ce wataƙila wani alheri ne, yanzu na zama matar aure. Mijina, malamin makaranta ne a Baure, mutum mai sanyin hali wanda tun muna zance ya san da wasan, ya ce in yi haƙuri in riƙa yi a waya tukuna. Ban ji haushinsu sosai ba. Ko Gwaggo ban iya riƙe ta a zuci ba, ita a saninta abu mai daraja rufe shi ake yi a kulle. Kaina nake jin haushi. Na zauna ina ji abin da na haɗa da hannuna yana kuka kwana biyu, bakina yana nan, ban buɗe ba.

Akuya ta ƙare. Na yi mako uku ina kallon shogilas da ramin da ke tsakiyarsa, sannan na aika aka kira dillaliya. Mijina ya tambaye ni, Gwaggo fa? Na maimaita masa maganarta kalma-kalma, har da inda ta ce ko shi ba shi da ta cewa. Ya sosa ƙeya, da masu ɗauka suka zo shi ya kama musu gefe ɗaya. Na san guminta ne, na san tuyar ƙuli nawa ta yi a gaban wuta kafin ta biya kafinta. Ina tsaye ina kallo motar ta fita da shi. Ban ce a dawo da shi ba.

Wannan karon da ƙafata na je Kano da kuɗin shogilas ɗin, neman wani katin hoto da akwatin wuta. Na sa mai shagon ya sa katin a tasa kwamfutar ya bar wasa yana gudu awa guda a gabana, ina ɗora hannu ina jin ɗuminsa yadda yayana ke taɓa bayan akuya a kasuwa. Ya ce bai taɓa ganin mai saye mai naci irina ba. Na ce zai gani in ta lalace.

Da damina ta faɗi Gwaggo ta zo daga Sandamu, ta tarar da surukata ta leƙo mu, suna zaune tare a falo. Idonta ya sauka a bangon da shogilas yake a da, inda fentin ya fi na ko'ina haske. Ta tambayi kulolin, na ce suna kicin ana cin abinci a ciki. Ta tambayi shogilas, na gaya mata gaskiya, na nuna mata tebur kusa da taga inda kwamfutar take, gefenta a buɗe, fankokin suna juyawa a hankali.

“Ke,” ta ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta ce mini ke ita kaɗai ba, babu uwata a gaba ko a baya. “Ke kika sayar?”

Na ce ni ce, ai ita ta ce mini kayan ɗaki na mace ne.

Ta buɗe jakarta ta fito da sabon kyalle da ta saƙa, mai bakin zare kore, wanda ta yo wa shogilas ɗin da babu shi. Ta juya shi a hannu, ta rasa inda za ta sa, sai ta miƙe ta nufi teburin ta ware shi za ta shimfiɗa a kan kwamfutar, don ita ba ta iya ganin kaya a tsirara. Surukata tana kallo. Na tashi na riƙe wuyan hannunta.

“A'a, Gwaggo. Ba za a rufe ta ba.”

Da ƙarfi na faɗa, har surukata ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta dubi hannuna a kan nata har sai da na saki. Ta ajiye kyallen a hannun kujera, ta ɗauki jakarta, ta ce za ta bi motar Sandamu kafin hadari ya haɗu. Abincin da na zuba mata ko buɗewa ba ta yi ba. Na raka ta bakin titi, ina bayanta da taku biyu, ba ta waiwayo ba, ni kuma ban ce ta yi haƙuri ba.

Da na dawo surukata ta tafi. Kyallen yana inda aka bar shi. Na ja kujera na zauna, na kunna wasan, na ɗauki lodi, na fita daga tasha. A kwanar farko na daki ƙarfen gefen hanya. Na ja baya, na daidaita motar, na ci gaba.