Guntun Tiyon da Na Ɗaura wa Motar Amarya

Shekara da shekaru ina aikin kanikanci, motoci da yawa sun bi ta hannuna har ban san adadinsu ba, amma akwai wata jar mota guda da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba. Ko yanzu idan na ji warin fetur ya yi ƙarfi a gareji, ita nake fara tunawa, kuma kunyar takan dawo mini sabuwa.

A lokacin da gwamnati ke kwaso ma'aikatanta daga Legas zuwa Abuja abin ya faru. Ina da ɗan gareji a Nyanya, bakin titi, rumfar kwano ce da rami guda. Aiki ya buɗe mana sosai a shekarun nan, don kullum sai ka ga sabbin fuskoki da motoci masu lambar Legas. Ni kuwa ina ji da ƙuruciya, ga baki. Ban taɓa iya cewa ban san abu ba, ko ban samu ba. Gani nake kamar faɗin haka zubar da girma ne.

Wata ranar Litinin da hantsi sai ga wata mota ta gangaro gabana. Ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ga dogon hanci, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Irin motocin tsere ne na da, ta kwana biyu a duniya, amma fentinta na sheƙi. Wani dattijo ya fito daga ciki, kansa duk furfura, da tabarau. Mutumin wajen Filato ne, Kirista, ma'aikacin gwamnati da aka dawo da ofishinsu, yana zaune a Karu. Oga nake ce masa tun daga ranar. Hausarsa irin ta mutanen can ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

Ya ce, "Mallam, motan nan yana warin fetur. Ka duba mini shi da kyau."

Na ɗaga murfin injin, na bi hanyar mai tun daga tanki har kafireta. Tiyo huɗu ne a hanyar, kuma duk sun bushe. Na lanƙwasa ɗaya a gabansa, ya ga yadda bayansa ya tsattsage kamar busasshen ƙanzo. Na yi masa bayani yadda maigidana ya koya mini, cewa tiyon fetur daban yake da na ruwa. Na fetur akwai zare a saƙe cikin robarsa, kuma akwai rubutu a jikinsa. Na ruwa kuwa da ido kamar ɗaya suke, amma idan fetur ya zauna a cikinsa sai ya kumbura, ya yi laushi, ya fashe. Abin da ya fi ci mini rai yanzu ke nan. Da bakina na faɗi wannan duka, ba wanda zai ce jahilci ne ya sa ni.

Oga ya ji daɗin bayanin. Ya zauna a benci ya ba ni labarin motar. A cikinta ya ɗauko matarsa ranar aurensu, ita kuma ta rasu a Legas kafin su taso. Yanzu 'yarsa tilo za a ɗaura wa aure ranar Asabar ta sama, kuma ta ce ba ta yarda a kai ta coci a wata mota ba sai wannan, babanta na tuƙi.

Ya ce, "Ka canza duka huɗu. In babu a nan, ka faɗa mini, zan aika Kaduna a nemo."

Na ce, "Haba Oga, wane Kaduna? Ka bar mini kawai."

Uku na samu ba wahala a wajen masu kayan gyara. Na huɗun ne ya gagara, wani ɗan guntu da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda ke haɗa famfon mai da kafireta, dab da inda injin ya fi zafi. Kaurinsa ba irin na motocin da muka saba ba ne. Na zagaye Nyanya da Karu kwana biyu, babu. Da na tuna yadda na cika baki, sai na ji ba zan iya zuwa in ce masa na kasa ba. Na duba cikin tarkacen gareji, na ga wani siririn tiyon ruwa da ya yi daidai da bakin. Na yanka, na zura, na ɗaure shi tam. Na ce a raina ai biki kwana ɗaya ne, bayan an gama sai in nemo na ainihi in canza ba tare da ya sani ba.

Da ya zo ɗauka, ya leƙa injin, ya shinshina, ya yi murmushi. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Duka huɗu na fetur ne ko?"

Na ce, "Wallahi duka, Oga."

Har da rantsuwa. Ya miƙo mini katin biki, ya ce lallai in zo, ni ma yanzu ɗan gida ne.

Ranar Asabar na saka shaddata na tafi Karu. Aka fito da amarya cikin farar riga mai dogon baya, mata na waƙa, aka tattara rigar aka cusa ta cikin 'yar motar da ƙyar, ana ta dariya. Oga ya shiga ya tayar. Ni ina cikin wata bas a baya tare da 'yan'uwansu. Rana ta take, ga cunkoso a hanya, muna tafiya muna tsayawa. Tun a nan na lissafa kwana tara ke nan fetur na zaune cikin robar nan.

Ba mu yi nisa ba na hango hayaƙi na fitowa ta gefen murfin injin. Kafin in buɗe baki, wuta ta yi bal. Mata suka sa ihu. Oga ya yi tsalle ya fito, ya zagaya ɓangaren 'yarsa, rigar kuwa ta sarƙe a jikin kujera, ta kasa fita. Ina kallo ya sa hannu ta kusa da wutar ya fizge rigar, ya rungumo ta suka faɗi gefen titi. Direbobi da masu shaguna suka yo ca da ƙasa da yashi, wani ya kawo jiƙaƙƙen buhu. Ni ma na shiga cikinsu ina watsa ƙasa. Allah ya taimaka aka kashe kafin ta kai tanki.

Amarya ba ta ƙone ba, sai gefen rigar da ya babbake, tana ta kuka tana riƙe da babanta. Shi kuwa bayan hannunsa na dama ya saluɓe. Wani ƙanensa ya fara faɗa, yana cewa wane bakanike ne ya taɓa motar nan, a nuna masa shi. Sai Oga ya ɗaga hannun nan da ya ƙone ya nuna ni.

"Ga shi nan, kuma ba ruwansa. Mutumin kirki ne, ya canza mini komai sabo. Wayan wuta ne, motan ya tsufa. Ku duba yadda ya ɓata rigansa don ya taimake mu."

Mutane suka juyo suna yi mini sannu, wata tsohuwa har da sa mini albarka. Na sunkuyar da kai na karɓa. An ɗaura auren a makare, a wata motar aka ƙarasa da amarya.

Aka jawo motar garejina. Da na buɗe, ga guntun nan ya kumbura ya tsage ta tsawo, rabinsa ya narke. Ba wanda ya gani sai ni. Na cire na sa a aljihu, da niyyar in jefa a kwata. Kwana uku yana aljihuna. Idan na tsaya salla sai in ji shi a jikina, in rasa raka'a nawa na yi. A rana ta huɗu bayan la'asar na hau mota zuwa Karu.

Na same shi a baranda, hannu a naɗe da bandeji. Ya yi murna da ganina, ya sa a kawo mini ruwa. Na durƙusa na ajiye guntun a kan tebur, na faɗa masa komai, har rantsuwar. Ya ɗauka da hannun hagu yana jujjuyawa. Ina kallonsa, har na gwammace ya mare ni.

Can ya ce, "Da ka ce mini babu, da na sa ta a tasi. Ita kaɗai ne gare ni fa, Mallam."

Na ce, "Oga, ka yafe mini. Ko 'yan sanda ka kira, ban da ta cewa."

Ya girgiza kai. "Ka je ka gyara. Amma zan zo in zauna."

Haka aka yi. Ya aika Kaduna aka kawo tiyon cikin kwana biyu, abin da na ƙi bari a yi tun farko. Sati guda yana zuwa garejina bayan an tashi ofis, ya zauna a benci. Duk abin da zan ɗaura sai na kai masa ya karanta rubutun jiki, ya leƙa zaren ciki, sannan ya gyaɗa kai. Maƙwabtana suka riƙa tambayar me ya sa babban mutum ke zama a rumfata, shi kuwa sai ya ce musu yana koyon aiki ne. Bai taɓa tona ni ga kowa ba, kuma wannan rufin asirin ya fi mini zagi ciwo.

Ranar da na gama, ya tayar da motar, ya yi mini godiya, ya tafi. Bayan nan yakan wuce ta gaban garejin, ya ɗaga mini hannu da tabonsa, ni ma in ɗaga. Amma bai ƙara tsayawa ba, bai ƙara kawo mini ko da facin taya ba, har ya yi ritaya ya koma garinsu. Ya yafe mini, na tabbata, sai dai yardar da ya ba ni a sati guda ban sake samunta ba.

Abin da na koya shi ne, cewa "ban samu ba" ko "ban iya ba" kunyar minti ɗaya ce, kuma ba ta kashe kowa. Ni na guje mata, na sa ran 'yar mutane a bakin wuta. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini mota na rasa abin da ya dace da ita, nakan gaya masa gaskiya a take, ko da zai ja motarsa ya kai wa wani.