Yadda Na Kasa Faɗuwa Jarrabawa

A zamaninmu idan aka zaɓi yaro zuwa makarantar Bature, ba barka ake yi wa ubansa ba, jaje ake yi masa. Ranar da malamin elemantare na Wurno ya aiko cewa ina cikin yara biyun da aka ɗauka, maƙwabta suka cika zaurenmu suna ba Baba haƙuri. Wata gwaggota har da kuka.

Makarantar tana can birni, bayan ganuwa, kuma ba ta En'e, wato hukumar gargajiya, ba ce. Wani Bature ne tsohon soja, da ya ajiye aiki ya ƙi komawa ƙasarsu, ya nemi izini ya kafa ta, ya naɗa kansa hedimasta. Abin alfaharinsa shi ne ba ya ɗaukar kowa sai zaɓaɓɓe. Duk shekara zai zagaya Wurno da Raba da Goronyo, ya duba haƙoran yara da rubutunsu, ya tsinci waɗanda suka yi masa. Ƙarshen shekara kuma sai ya kori uku na baya a aji ɗaya, don duniya ta san wurin ba na wasa ba ne.

Mu kuwa muna da garkar albasa a fadama, wadda Baba ya gada. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, ga shi bayansa ya fara ciwo, har jan jigon ban ruwa yana neman gagararsa. Da safen da zan tafi ya kira ni gefe.

"Na ji an ce suna korar na baya. Gaskiya na?"

"Gaskiya na, Baba."

"To ka zan cikinsu. Bana ni lallaɓa. Amma in dashe mai zuwa yaz zo ba ka nan, sai in miƙa ma baffanka garkag ga. Ka jiya?"

Na ce na ji. Ban ga wata wahala a ciki ba. Faɗuwa ce fa kawai.

Ƙararrawa ce sarauniyar makarantar. Ita ke tashinmu, ita ke zaunar da mu, ita ke gaya mana lokacin da ya kamata mu ji yunwa. Aka sa mana gajeren wando na kaki, gwiwoyinmu a waje kamar na masunta. Kullum da safe sai fareti da duban farce. Tuwo kuwa da cokali ake ci, wanda aka kama da hannu a kwano ya sha bulala biyu. Daga safe zuwa la'asar ba a Hausa, don haka daga safe zuwa la'asar ba mai magana. Ranar Laraba hedimasta da kansa yake koya mana noma, da igiya da ma'auni, mu da muka tashi da fartanya a hannu. Mukan tsaya da ladabi muna kallonsa yana binne iri a zurfin da ba zai taɓa fitowa ba.

Ban yi wata guda ba na gane ba ni kaɗai aka yi wa huɗuba a gida ba. Fiye da rabin ajinmu da irin saƙona suka zo. Gurbin kora uku ne kacal, masu nema kuwa sun fi goma. Ban taɓa ganin gasa mai zafi irin wannan ba. Wani ɗan Raba ya kurumce shekara guda cur, ba ya jin komai sai ƙararrawar abinci. Gwaninmu shi ne wani dogon yaro ɗan Goronyo. In aka ce ya nuna gulbin Rima a taswira, sai ya yi dogon nazari, ya ɗora yatsa a tsakiyar teku. Yaron nan kuwa a gulbin ya koyi iyo. Hedimasta yakan girgiza kai, ya ce wa malamai ko zaɓaɓɓun ma ga yadda suke, ina ga sauran.

Ni ma na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Turanci bai ba ni wahala ba, don ko ban yi niyya ba faɗuwa nake yi. Matsalata lissafi ce. Malaminmu wani Bakatsine ne mai sanyin murya, ranar da ya nuna mana doguwar rabawa a allo na ji wani daɗi da ban taɓa ji ba, yadda lamba ke sauka ƙarƙashin lamba har abu ya fito daidai ba saura. Na so abin nan ƙwarai. A aji ina yin fuskar wawa, in an tashi kuma in ɓuya bayan ɗakin girki ina rabawa a ƙasa da tsinke.

Ranar jarrabawa ɗan Goronyo ya zana jaki a takardarsa, ya kife kai ya yi barci. Ni ma na ɗauki alƙalami da niyyar shirme, amma hannuna ya ƙi. Sai na ce bari in yi kowace tambaya har ƙarshe don in huce, sannan in ɓata amsar. Haka na yi. Duk amsar da ta fito, sai in ƙara mata ɗaya in rubuta. Aikin kuma na bar shi a gefe, tsaf, ban goge ba.

Bayan kwana biyu aka kira ni ofis. Hedimasta yana riƙe da takardata, malamin lissafi yana yi masa tafinta.

"Ya ce wanda ya kuskure duka da ɗaya ɗaya, ya san duka."

Aka yi mini bulala shida saboda rainin hankali, aka ba ni na ɗaya a lissafi, aka wuce da ni aji biyu. Ba zan ɓoye ba, bulalar tana sauka ina jin daɗi a raina. Waɗanda suka yi nasara su ne ɗan Goronyo, da kurman Raba, da ɗan garinmu da muka zo tare. Suka ɗaure kayansu suna ta fara'a, sauran aji na kallonsu da hassada. Ɗan Goronyo ya dafa kafaɗata ya ce, "Sai haƙuri, wani bai da sa'a."

An riƙe mu mako guda muna sharar makaranta kafin hutu, don haka ɗan garinmu ya riga ni isa Wurno da labari. Da na sauka Inna ta ce Baba yana fadama. Na same shi zaune bakin garka, 'ya'yan baffana uku suna cikin fangalin albasa suna dashe.

Na durƙusa na gaishe shi, na fara jawabin da na shirya tun a hanya: na yi iyakar yina, Baturen ne ya ƙi.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "An ce ɗan Goronyo jaki yaz zana."

"Haka na, Baba."

"Kai mi ya hana ka? Ba ka iya zanen jaki ba?"

Bai jira amsata ba.

"Ka iya," in ji shi. "So na ba ka yi ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya kira babban ɗan baffana, ya shiga nuna masa inda ruwa ke kwanciya a fangalin gabas da yadda ake karya shi. Na tsaya a kan kunyar garkar ina kallonsu har rana ta yi zafi, ba wanda ya ce in cire takalmi in shigo.