Robar Silifa a Gangaren Gwoza

Shekaru sun ja, amma akwai wata Asabar a ƙarshen shekarun tamanin da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Har yau in na ji ƙaurin roba sai in tuna da ita.

Lokacin ina saurayi a unguwar Gwange ta Maiduguri, ina cikin wata ƙungiyar masu hawan keke. Maiduguri shimfiɗe take kamar tabarma, saboda haka kowace Asabar bayan asuba mukan loda kekuna a bayan a-kori-kura mu nufi wajen Gwoza neman hawa da gangara. Shugabanmu wani dattijo ne ɗan kudancin Borno, mai buga tafireta a ofishin coci, muna ce masa Baba Akawu. A duwatsu aka haife shi, kuma dokarsa ɗaya ce: kafin a loda keke sai ya matsa birkinsa da hannunsa. Wanda birkinsa bai kama ba, ya koma gida.

Ni ba motsa jiki ya kai ni ƙungiyar ba. Wata yarinya nake so a unguwar Ajilari, yayanta kuma yana cikinmu, ya ma san ina rubuta mata wasiƙu. Na sha karanta littattafan soyayya na kasuwa har na yarda cewa wata rana yayan zai koma gida ya ce mata ya ga jarumi a kan dutse.

Ranar Juma'a na lura robar birkina ta cinye gaba da baya. A gari wannan ba komai ba ne, mu da ƙafa muke tsayawa. Na yi niyyar zuwa unguwar Gamboru wajen mai gyara, sai na zauna rubuta mata wasiƙa, ina yagewa ina sakewa, har aka yi magariba aka rufe shaguna. Sai na ɗauko tsohuwar silifa, na yanka gida huɗu, na cusa a mazaunin robar, na shafa musu baƙin man takalmi. Har daɗi na ji, wai na yi dabara.

Da safe Baba Akawu ya matsa birkin, ya kama. Ya dube ni ya ce da kyau. A mota ana ta raha, ana tsokanar wani ɗan Kano cewa tumbinsa zai riga shi sauka, ni kuwa ko murmushi na kasa. Da muka fara hawa, duk fedar da na taka sai in tuna cewa ta nan zan dawo. Na waiga na ga kwalta ta miƙe ƙasa tana sheƙi, ga wata kwana a tsakiya, gefenta duwatsu.

A sama muka sha ruwa. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa, sau biyu ina haɗa ido da yayan yarinyar. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Malam mai wasiƙa, yau dai ka hau ba ka tura ba. Zan ba da labari a gida.” Wannan maganar ce ta rufe mini baki.

Aka busa usur muka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, Baba Akawu a ƙarshe kamar kullum. Da farko birkin ya riƙe, har na fara cewa a raina na tsira. Can sai na ji ƙauri. Na leƙa na ga robar gaba tana narkewa tana manne wa ƙarfen taya. Na matsa na baya, sai guntun silifar ya yi tsalle ya bar ni. Hannun birkin ya taɓo kan keken, babu abin da ya kama.

Na wuce mutum biyu kamar an harba ni. Na sa ƙafa a kwalta, takalmin ya fizge. Iska ta cika mini ido da hawaye, kwanar nan tana matsowa, na kama salati. Babu yarinya a raina a lokacin, mahaifiyata kawai nake gani.

Sai na ji numfashi a gefena. Baba Akawu ne, ya sunkuya yana taka feda a gangara don ya cim mini.

“Kada ka juya kan keken, ɗana,” ya ce. “Riƙe shi sosai. Zan kama ka.”

Ya damƙi bayan sirdina da hannun dama, ya matsa birkinsa da hagu. Kekunan biyu suka yi ta rawa, birkinsa yana kuka, gudun yana raguwa amma bai isa ba. Dab da kwanar ya karkatar da mu cikin wata gonar dawa. Muka zube tare.

Ni gwiwa kawai na kuje. Shi kuwa ya tashi zaune riƙe da hannun dama, wuyan hannun ya karkace. Da sauran suka iso, yayan yarinyar ya ciro ragowar robar daga kekena, ya juya ta, shuɗin silifar ya bayyana ƙarƙashin baƙin man. Ya miƙa wa Baba Akawu. Dattijon ya daɗe yana kallonta.

“Da ka faɗa mini a sama,” ya ce a hankali, “da mun turo keken tare, ni da kai.”

Wata uku hannunsa a ɗaure, wani ne ya riƙe masa tafiretar. Ko bayan an kwance, yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasawa daidai ba, ya koma bugu a hankali. Kullum da yamma nakan je gaishe shi, bai taɓa tayar da zancen ba, matarsa ma har shayi take kawo mini, ni kuwa in bar shi ya huce don kunya.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in mutum ya ɓoye aibu don gudun kunyar minti ɗaya a cikin tafiyar jama'a, sau da yawa ba a jikinsa abin zai ƙare ba. Wanda ya fi damuwa da shi ne zai miƙo hannu, kuma hannun nan ne zai karye.