Ranar da Mama Rifkatu ta kayar da ni a jarrabawa

Shekara tara ke nan da rasuwar Mama Rifkatu. A irin wannan watan muka raka gawarta Panda, garin iyayenta, muka juyo Keffi. Bana ma tunawa da ita ta zo mini daidai lokacin da ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe ke ta fama da shirin jarrabawar tantancewa. Ga wanda bai san harkar makarantar koyon aikin jinya ba, wannan ita ce jarrabawar da makaranta ke yi wa ɗalibanta a kan duk abin da suka koya cikin shekara uku, a rubuce da kuma a aikace, kafin ta yarda ta tura su babbar jarrabawar samun lasisi. Wanda ya faɗi, sai ya jira zagaye na gaba. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji masu iya magana, tun daga Laraba ake gane ta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata a Gangaren Tudu. Tsohuwar nas ce da ta koma koyarwa, gajera, mai saurin tafiya, Hausarta da ɗan karin harshen mutanen Panda. A makaranta Sista ake ce mata, ana kuma shakkarta. A unguwa kuwa Maman Ladi ce, aminiyar Innata. Ita ta karɓi haihuwata, ita ta cika mini takardar neman shiga makarantar. Saboda haka da aka ce tana cikin masu duba mu a jarrabawar aiki, har cikin raina na ce kakata ta yanke saƙa.

Na ci ta rubutu da kyau, don haddar littafi ba ta taɓa ba ni wahala ba. Ranar ta aiki aka kai mu ɗakin mata a asibiti, aka miƙo mini kati, aka ce in ba mai gado na shida maganinta na safe. Na wanke hannu, na duba sunan maganin, na duba yawansa, na zuba a ɗan kofi, na nufi gado na shida. Wata dattijuwa ce a kwance. Na gaishe ta, na tallafo kanta. Kofin ya kusa bakinta ke nan sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

"Jummai, wace ce wannan?" in ji Mama Rifkatu, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Mai gado na shida ce, Sista."

"Ban tambaye ki gado ba. Sunanta na tambaya."

Ashe da sassafe an canza wa mata biyu gado. Mai maganin tana can bakin taga, wadda nake shirin ɗura wa kuwa jininta a ƙasa yake, ga shi abin da ke hannuna maganin saukar da hawan jini ne. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta karɓi kofin, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce in je in zauna. Da sakamako ya fito, sunana ba ya cikin waɗanda za a tura. Wata shida aka ƙara mini.

Inna ta yafa mayafi ta shiga gidanta, ina biye. Ta ce, "Maman Ladi, yarinyar nan a hannunki aka haife ta. Kuskure ɗaya ne, kuma ba a kai ga sha ba. Ki dube ni." Mama Rifkatu ta ce, "Maman Jummai, ba a sha ba don ina tsaye a wurin ne. Ranar da ta karɓi lasisi ba na tsaye." Inna ta tashi ko sallama babu. Da Kirsimeti ta zo aka aiko mana da kwanon shinkafa daga gidanta kamar kullum, Inna ta ce a mayar. Ban taɓa ganin haka ba tun da na yi wayo.

Ni ma na ƙullace ta. Ina ganin ƙawayena suna ɗinkin fararen kaya na aiki, ni ina zaune a gida. Sati biyu na yi ina canza hanya don kada mu haɗu. Rannan da la'asar sai ta leƙo ta saman katanga ta ce, "In kin gama fushin, ki zo da biro da takarda."

Abin da ta fara sa ni shi ne in rubuta duk abin da ban iya ba. Na ce ai na ci ta rubutu. Ta jawo tsofaffin tambayoyi ta zaunar da ni a gindin mangwaronta, ta ajiye agogo. Cikin kwana uku ta bankaɗo inda nake ɓoyewa: lissafin maganin yara, da abin da ake fara yi in majinyata biyu sun rikice a lokaci guda. Ta ce ɗalibi yana son maimaita abin da ya iya ne don ya ji daɗin kansa, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga nan kullum darasi ɗaya, tambayoyi, sannan in faɗa mata dalilin da ya sa sauran amsoshin ba daidai ba ne. In na ce, "Haka yake a littafi," sai ta ce littafi ba ya zuwa bakin gado.

Wani lokacin takan shimfiɗa tabarma ta kwanta ta zama majinyaciya. In na ce, "Mama, ke ce Talatu?" sai ta ce e. In na ce Asabe, nan ma e. Ta ce haka tsofaffi suke, ga ciwo ga nauyin kunne ga kunyar ma'aikaci, duk sunan da aka kira sai su amsa. Kada ki ba mutum suna, ki tambaye shi nasa. Na ci jarrabawar tantancewa a karo na biyu, na ci ta lasisi a zama ɗaya. Inna da kanta ta kai mata labarin, da kwanon waina a hannu, kuma daga ranar babu wadda ta sake tayar da maganar a cikinsu.

Yau ni ce a kujerar da ta bari, nakan kuma tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda abin ya koma. Ɗalibaina suna da dubban tambayoyi a cikin waya. Suna amsawa, wayar na gaya musu inda suke da rauni, har tana yi musu hasashen ko za su ci ko ba za su ci ba. Ina jin da ta so wannan, domin abin da take yi da biro a gindin mangwaro ke nan. Amma da ta ga yarinya na kuka don hasashen waya ya sauka, ko wata ta rufe littafi don ya hau, na san da ta ƙwace wayar ta ajiye a aljihu. Da yawansu kuma lasisin suke nema don su wuce Abuja, daga can su tsallaka waje. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san halin da ake ciki. Ita ma ba na jin za ta hana su. Abin da za ta dage a kai shi ne duk inda za su je, su je da hannu mai aminci.

Ba zan ce ba ta da aibu ba. Tana da kaifin harshe, kuma ba kowa ne ya yi sa'ar zama maƙwabcinta ba. Akwai wata 'yar ajinmu daga Agwada da ta faɗi tare da ni, ta koma gida ba ta sake dawowa ba. Babu wanda ya leƙa mata ta katanga. Shekaru bayan haka Mama Rifkatu ta ambace ta da kanta, tana kwance a ciwon da ya zama ajalinta. Ta ce kayar da ita daidai ne, barinta ne ba daidai ba. Shi ya sa yanzu duk ɗalibar da na kayar, nakan karɓi lambarta kafin ta fita ƙofa, kuma ni nake fara kira.

To, me ya rage daga gare ta? Ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba, ɗaliban yanzu ma ba su san an yi ta ba. Gidan an sayar, sabon mai shi ya zuba shaguna. Abin da ya rage yana warwatse ne a hannun mata da maza da ke tsaye a bakin gadaje, daga asibitocin ƙauye zuwa na birni, suna yin abu yadda ya kamata ko da babu mai kallonsu. Irin wannan gadon ba a raba shi, ba a kuma ganinsa sai ranar da babu shi.

Inna ta tsufa yanzu, ciwon suga ya kama ta, ni nake yi mata allura kowace safiya kafin in tafi aiki. Shekaranjiya ina goge mata wurin sai na ce mata watan rasuwar Maman Ladi ya kama. Ta kalli allurar a hannuna. Ta ce, "Kin san wani abu, Jummai? Da ta ji roƙona a ranar nan, da yau ban ba ki cinyata da kwanciyar hankali haka ba."