Dattijon Da Na Jawo Wa Kora a Sharada

A shekarun da nake ba ku labari, ni saurayi ne da bai fi shekara ashirin da biyar ba, ina aiki a wani kamfanin wayar lantarki a Sharada. Aikinmu wanke wayar jan ƙarfe bayan ta fito daga injin da ke miƙe ta da mai, domin in maiƙon ya rage a jikinta, robar da za a lulluɓe ta da ita ba za ta kama ba. Wanda ya koya min aikin wani dattijo ne mutumin Damagaram, muna ce masa Baba. Shi ya nuna min yadda ake goga farin ƙyalle a waya. In ya yi baƙi, sai a zubar da ruwan tankin da ake wanke wayar a ciki, a haɗa sabo, komai tsayuwar da inji zai yi.

Da aka fara maganar za a naɗa sabon foman, sai zuciyata ta ɗau zafi. Na ƙara wa inji gudu, na daina canja ruwa, don a ga ɓangarena ya fi fitar da kaya. Baba ya ja ni gefe har sau biyu, ya ce in ji tsoron Allah, wayar nan gidajen mutane za ta shiga. Na ce masa ya bar min, na san abin da nake yi.

Bayan sati uku aka dawo mana da mota guda ta waya, robar tana ɓarewa da ɗan yatsa. Manaja ya tara mu ya tambayi wanda ya duba tankin. Bakina ya ce ai idon Baba ya yi rauni, ba ya bambance ƙyalle mai tsabta da mai datti. Baba ya dube ni ya daɗe, bai musa ba. A ranar aka sallame shi, wata biyu bayan haka na zama foman.

Shekara bakwai ina fama da abin a raina kafin na hau mota zuwa garinsu neman gafara. Na tarar ya rasu tun damina biyu da suka wuce. 'Yarsa ta kawo min ruwa, ta ce ta gane ni, don Baba yakan ba su labarin wani ɗansa a Kano mai hannu da kaifin kai. Bai taɓa gaya musu dalilin dawowarsa ba. Na kasa shan ruwan, na kuma kasa faɗa mata gaskiya.

Yau na tsufa, kuma ban san inda zan kai wannan haƙƙi ba sai addu'ar da nake masa bayan kowace sallah. 'Yan'uwa ma'aikata, in kun yi kuskure ku ɗauki abinku. In kuma kun riga kun ɗora wa wani, ku je yau, tun yana da bakin da zai ce ya yafe.