Jego Babu Goyo

Makon jiya maƙwabcina a nan Samaru ya sassare darbejiyar ƙofar gidansa, yara suka tara ganyen suka cinna masa wuta. Warin nan mai ɗaci yana shigowa ta taga na ajiye abin da nake yi, don ya mai da ni gidan hayar da na tashi a Sabon Gari, gaban tukunyar kakata.

Gidan ɗaki-ɗaki ne, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kowace ƙofa da yarenta. Kaka, mahaifiyar babana, ita ce tsohuwar gidan. Ba ta iya karatu ba, Littafi Mai Tsarki sai dai a karanta mata. A zumuntar matan cocinmu ma in aka ce ta yi addu'a, kafin ka gama rufe ido ta ce amin.

Wata damina matar mai sayar da kayan mota, wadda ke ɗakin ƙarshe, ta haihu, ɗan bai zo da rai ba. Yarinya ce daga kudu, ba uwa ba dangi a kusa, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Aka yi ta'aziyya, fasto ya zo ya yi addu'a, kowa ya koma harkarsa. Ita kuwa ta juya fuska bango. Abincin da mijin ke sayowa sai ya wuni a rufe. Nono ya cika ya yi mata tauri, zazzaɓi ya shiga. A bakin rijiya mata suna raɗa cewa in aka yi wasa za ta bi ɗanta.

A wurinmu in mace ta haihu, ana dafa ruwa da ganyen darbejiya a yi mata wanka da zafinsa safe da yamma, a dama mata kunun kanwa, har ta yi arba'in. Amma inda ba a yi barka ba, ba a sa ranar suna ba, babu wanda wankan jego ya faɗo wa a rai. Sai Kaka ta jawo babbar tukunyarta daga ƙarƙashin gado.

Mahaifiyata ta ce, "Inna, jego kuma? Ai babu ɗan."

"Ɗan ne ya tafi," in ji Kaka. "Mai jego tana nan."

Itace a jiƙe, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, idon Kaka ya yi ja wur. Yarinyar ta ƙi buɗe ƙofa. Kaka ta zauna a dokin ƙofar har ruwan ya huce, ta zubar, da yamma ta sake ɗorawa. Ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta jawo aya ko ɗaya ba. Haka aka yi ta yi, har wata safiya muka ji an zare sakata.

Ba zan manta da ƙarar da ta fito daga banɗaki ba. Da farko ihun zafin ruwa ne, daga nan ya koma kuka na gaske, wanda ba ta yi ba tun ranar da aka binne ɗan. A ƙarƙashin kukan ina jin Kaka tana rera waƙar coci a hankali. Ranar yarinyar ta shanye kwanon kunu.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ta biyo, ba a ga Kaka a coci ba. Matan zumunta suka zo jin ko lafiya, da ɗan ƙorafi a bakinsu. Ta ce, "Ku gai da fasto. Ruwana zai huce."

Yarinyar ta tashi, ta yi ƙiba, daga baya suka koma Samaru, ta haifi 'ya'ya. Da tsufa ya kwantar da Kaka, ɓarin jikinta ya shanye, kowace safiya sai ga matar nan ta sauko daga mota da damin ganye. Ita ta riƙa yi mata wanka har ranar ƙarshe. Ina jin ta ta bayan ƙofa tana cewa, "Mama, ya yi zafi?"

Tukunyar tana wurina yanzu. Gidajenmu duk katanga ce da get, sai a haihu ko a rasa a bayan bangonka ba ka sani ba. Ranar da na ji warin nan na ciro ta na wanke, na kuma fita na ƙwanƙwasa ƙofofin layinmu ina gaisuwa. A ƙofa ta ƙarshe an daɗe ba a buɗe ba, sai na zauna na jira.