Ƙugiya da harafin da ya ɓace

A maɗaba'ar da take aiki ba mai kiranta da sunan yanka. Ƙugiya ake ce mata, don tun tana budurwa aikinta ke nan: bin rubutun mutane layi-layi tana maƙala wa haruffa ƙugiyar da marubuta suka yi ƙyuyar sakawa. Ita ce ta tare wani littafin yara da aka rubuta "karya" a gurbin "ƙarya", saura ƙiris a buga shi.

Mace ce da ba ta iya zama shiru. Ƙafa na kaɗawa a ƙarƙashin tebur, shayi na hucewa, yatsu na ta ƙwas-ƙwas. Linzamin kwamfuta kuwa ta raina shi, wai na malalata ne. A manhajar da take gyara, maɓalli take dannawa ta ba shi harafi, 'yar alamar nan mai ƙyaftawa ta yi tsalle ta dira a kansa. Daga nan sai ta yi ta danna maɓallin maimaitawa, manhajar na riƙe mata da harafin da inda ta nufa, gaba ko baya.

Sai abu ya fara rikicewa. Ta nemi "k", ta gyara ɗaya, ta danna maimaitawa, ta tsinci kanta a kan waƙafi, kuma a baya. Ta ɗauka ita ce ta fara mantuwa. Haka mantuwar mahaifiyarsu ta soma, da ƙananan abubuwa, kafin ta kai ga tambayar 'ya'yanta ko su wane ne. Ƙugiya ba ta gaya wa kowa ba. A mota tana jero sunayen jikoki a zuci, a kicin tana komawa duba gas ɗin da ta san ta kashe. Tsoro ya hana ta sakat.

Ranar da ta kasa jurewa ta faɗa ɗakin ƙaninta, mai kula da kwamfutocin wurin, ta turo ƙofa.

"Ka fara nemo mai gyara. Ina jin ciwon Inna ne ya kama ni."

"Haba Yaya, wane irin zance ne wannan? Mu je in gani."

Ya tsaya a bayanta, ta yi masa gwaji. Can ya dafe kai.

"Wallahi laifina ne. Ɗan umarnin nan da na rubuta, mai daidaita waƙafi duk sanda kika gyara layi, shi ma da wannan neman yake aiki. In ya gama sai ya bar nasa harafin a gurbin naki."

"Wato abinka ke shiga yana taɓa min ajiya, ni ina nan ina zargin kaina?"

"A yi haƙuri, Yaya. Sabuwar sigar manhajar ta ba da damar gyara wannan. Zan sa ya fara tambayar me kike nema, ta ina kika nufa, ya ajiye, in ya gama ya mayar miki."

"Ka koya masa tarbiyyar da kai ba ka da ita."

Ya gyara kafin la'asar. Ta yi dariya har da hawaye, ta shanye shayinta da zafinsa, ta kira 'yarta ta yi ta surutu ba gaira ba dalili.

Washegari ta zauna da ƙarfinta. Ta ba manhajar harafi, ta gyara na farko. Wani ya leƙo ya gaishe ta, ta amsa, ta juyo ga allon. Yatsanta ya tsaya cak a saman maɓallin. Me take nema ma? Ta lalubi kanta sama da ƙasa, wayam. A hankali ta danna, alamar ta dira a kan "d", daidai inda ya kamata.

Ƙaninta ya ɗaga murya daga ɗakinsa: "Yaya, yanzu yana tunawa ko?"

"Yana tunawa," in ji ta, ta ci gaba da dannawa, ba ta gaya masa cewa wannan karon ita ce ta manta ba.